Raina Kama: Yadda 'Yan Tsirarun Makaranta Suka Gina Kasuwar Littafi A Kano

Duk ɗan kasuwa ya san bambanci tsakanin mai saye da kwastoma. Mai saye wucewa yake yi, shi kuwa kwastoma shi ne wanda zai dawo gobe, ya kuma riƙo hannun ɗan'uwansa ya kawo maka. A kan haka nake so mu waiwayi tarihin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama da ke Kano.

A shekarun 1980 tattalin arzikin Nijeriya ya shiga wani hali, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida a 1986. Takarda ta yi tsada, kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka dogara da shi wajen buga littattafan Hausa, ya ja baya. Matashin da ya rubuta labari ba shi da inda zai kai. To, sai wasu matasan Kano suka ce bari su buga da kuɗin aljihunsu. Cikinsu akwai Ado Ahmad Gidan Dabino, da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa, da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, wadda ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. Sunan ƙungiyar ma daga karin magana ne: raina kama ka ga gayya.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar da suka yi. Ba su da kuɗin talla, amma suna da bangon littafi. Sai suka riƙa buga sunan ƙungiyar a kan littattafansu, a ciki kuma su jera sunayen littattafan sauran 'yan ƙungiya, wanda ya fito da wanda ke nan tafe. Wato in ka sayi na mutum ɗaya, ka ga tallar na kowa. Sannan ga raba labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, a tsaya maka daidai inda zance ya yi daɗi. Dole ka koma wajen mai littafi.

Su wa ke saye? Galibi matan aure da 'yan mata, waɗanda manyan kamfanoni ba su taɓa lissafi da su ba. Mace ɗaya za ta saya, littafin ya zaga gida biyar har bango ya cire, wadda ba ta iya karatu ba a karanta mata. Wani zai ce ai asara ce, ni kuwa a ganina wannan aron shi ya sayar da na biyu. Ta haka In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, ya zama sunan da ko mu da muka taso a nan Panda, nesa da Kano, mun ji shi a bakin yayyenmu mata.

Ba kowa ya yi murna ba. Malam Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta kai ruwa rana a jaridu, iyaye da malamai na cewa suna ɓata tarbiyya. A 2007 ma hukumar A Daidaita Sahu ta ƙona wasu littattafai a Kano. Amma kafin nan makarantan sun riga sun bi marubutan zuwa finafinan bidiyo, domin an mayar da In Da So Da Ƙauna fim, Hajiya Balaraba ma ta shiga harkar. Yau kuma masu karatun da yawa sun koma waya, suna biyan kuɗi a saka su a zaurukan WhatsApp don jiran kashi na gaba.