WA YA TSAYA MAKA? DAGA AYARIN GWANJA ZUWA LAMBAR GAYYATA

Rubutun yana da ɗan tsawo, a daure a karanta har ƙarshe.

Duk bayan 'yan watanni sai wata sabuwar manhaja ta ɓullo, a ce ba a shiga sai da gayyata. Nan da nan zaurukanmu na WhatsApp su cika da "wa ke da lambar gayyata?" da "don Allah a saka ni". Wanda ya riga shiga ya dinga ɗaga kai kamar an naɗa masa rawani, wanda bai samu ba ya ji kamar mota ta tashi ta bar shi a tasha. Yaranmu suna ɗauka intanet ce ta zo da wannan. Ba ita ba ce. Kakanninmu na nan kudancin Kano sun yi fiye da ƙarni guda suna kasuwancin da ba a shiga sai wani ya tsaya maka. Sai dai akwai bambanci guda tsakanin gayyatarsu da ta yanzu, kuma a kan bambancin nan ne kuɗin mutane ke salwanta.

Mu fara da na Turawan. A ranar 1 ga Afrilun 2004 kamfanin Google ya fito da Gmail, ya ce sai wanda aka gayyata. Lokacin Hotmail da Yahoo 'yan megabait kaɗan suke ba mutum ya ajiye saƙonninsa, shi kuwa Gmail ya ba da gigabait guda cur. Mutane suka ruɗe, har sayar da gayyatar aka dinga yi a eBay. A 2007 aka buɗe wa kowa. Wannan Facebook ɗin da muke kai, a Fabrairun 2004 ɗaliban jami'ar Harvard kaɗai ke shigarsa, sai a Satumbar 2006 aka ce kowa ya zo.

Na kusa-kusa shi ne Clubhouse, manhajar hira da murya da ta fito a 2020. Ita ƙofa biyu gare ta: sai kana da iPhone, sannan sai wani ya gayyace ka, kuma gayyata biyu kacal ake ba sabon shiga. A farkon 2021, bayan Elon Musk ya leƙa ya yi hira, duniya ta ɗauka, har aka yi wa kamfanin ƙimar dala biliyan 4. A watan Mayu suka saki ta Android, a Yuli suka cire gayyatar gaba ɗaya. Kafin shekara biyu su cika sun sallami rabin ma'aikatansu. Yau wa ke maganarta? Bluesky ma haka ta bi, gayyata har zuwa Fabrairun 2024, sannan aka wangale ƙofa.

Mu ma nan mun ɗanɗana irin tamu. Waɗanda suka yi wayo kafin 2001 sun san layukan NITEL a duk faɗin Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. Da wayar salula ta zo a Agustan 2001, layi kaɗai kusan naira 20,000 ne. Bayan shekara goma kuma sai yayin BlackBerry, inda tambayar ita ce "mene ne PIN ɗinka?" In ba ka da shi, ba ka cikin manya. A 2013 kamfanin ya buɗe BBM ga masu Android, a 2019 kuma aka rufe shi.

Kun lura da abu ɗaya? Duk ƙofofin nan an buɗe su daga baya. Wani lokaci akwai dalili na gaskiya, wato na'urorin kamfani ba za su ɗauki jama'a da yawa a tashi ɗaya ba. Amma babban dalilin talla ne. Ɗan Adam yana son abin da aka hana shi. A rufe ƙofa, a bar labule a ɗage kaɗan, mutane da kansu za su yi maka tallan kyauta.

Yanzu mu dawo gida. Bebeji da Madobi na cikin garuruwan Agalawa, fataken da suka yi fice a cinikin goro a ƙarni na 19, tare da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari yakan tashi daga ƙasar Kano da jakuna ɗauke da kanwa, rinannun tufafi da fatu, ya nufi Gwanja, wato kasuwar Salaga da ke arewacin Ghana ta yau, ya dawo da goron ƙasar Asante. Tafiya ce ta watanni, ga 'yan fashi, ga sarakunan hanya da za a biya fito, ga goro da ba ya son sakaci. Madugu ke jagoranci, shi ke sasantawa da sarakuna, shi ke yanke hukunci in an yi rigima.

To irin wannan tafiya ba a wayi gari kawai ka ɗauro jakinka ka bi sahu ba. Sai an san ɗan wane ne kai, ko yaron wane ne. Wani babba zai ba ka jari, ya haɗa ka da madugu, in kun sauka zango ya miƙa ka ga maigidan da zai sauke ka. In ka ci amana, ba sunanka kaɗai ya ɓaci ba, har da na wanda ya kawo ka, kuma shi za a bi bashin.

A wannan tsari Alhassan Ɗantata ya taso. An haife shi a Bebeji a 1877, ya yi fataucin goro har Accra, yana cikin waɗanda suka fara ɗauko goro ta jirgin ruwa zuwa Legas. Da layin dogo ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, kamfanonin Turawa suka ga ba za su iya shiga ƙauyuka da kansu ba. Sai suka nemi irinsu Ɗantata, su ba su kuɗi tun kafin kaka, su kuma su rarraba wa yaransu su shiga ƙauyuka saye. Babu takardar kotu, babu jingina, sanayya ce kawai da tsoron zubewar mutunci. A 1929 da bankin Ingila ya buɗe reshe a Kano, kuɗin azurfa lodin raƙuma 20 Ɗantata ya kai ajiya. Ya rasu a 1955.

Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960 ya ga yadda abin ke aiki da idonsa. Falke ya kawo shanu daga Arewa, ya sauka gidan maigidansa. Dillalan maigida su sayar wa mahauta Yarabawa bashi. In mahauci ya gudu da kuɗi, maigida ke biya daga aljihunsa, don in bai biya ba labari zai kai Arewa, fatake su daina sauka gidansa. Har gobe ragowar wannan tsari na nan a wurinmu. Baƙon da ya zo sayen masara a Doguwa ko shinkafa a Tudun Wada, ko ya sauke kaya a Kwanar Dangora, dillali yake nema ya tsaya masa, kuma in magana ta tashi dillalin ake kamawa.

Ga bambancin nan fa. A gayyatar dā, wanda ya shigo da kai ya ɗauki nauyinka, in ka faɗi shi ma ya ji a jikinsa. A ta yanzu, wanda ya turo maka lamba lada ake ba shi saboda ka shiga, in ka yi asara kuwa ko sisinsa ba ta yi ciwo ba.

A Gmail ko Clubhouse wannan bai cutar da kowa ba, iyaka ka ɓata data. Inda abin ya zama bala'i shi ne da mayaudara suka ari rigar. MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, tana kuma ba ka kaso in ka kawo wani. A Disambar 2016 ta kulle asusun mutane. A Afrilun 2025 CBEX ta rufta da kuɗin jama'a, ita ma ta hanyar kawo-wani-a-ba-ka ta yaɗu. Tsakaninsu ga yayin mainin: Pi da ba a shiga sai da lambar wani, da Hamster Kombat da ta sa matasa da matan aure dannar waya dare da rana a 2024, ranar rabo a watan Satumba akasari suka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Su wa suka shigar da mutane? Ba baƙi ba ne. Ƙani ne, abokin aiki ne, maƙwabci ne. Amanar da kakanni suka gina da ita aka yi mana tarko.

Kada kuma mu yi wa tsarin dā kwalliyar da ba tasa ba. Ƙofar da ke tsare amana ita ce kuma ke tsare ɗan talaka a waje. Wanda ba shi da uba a ayari, ko ƙwazonsa ya kai ina, ɗan dako zai ƙare. Wannan ɓangaren ma mun gaje shi. Mu da ke aikin gwamnati mun san yadda labarin gurbin aiki, ko rabon taki, ko bashin noma ke fara zagayawa a wani rufaffen zaure na mutum talatin kafin a manna sanarwa. Yaron da ya gama digiri a wani ƙauyen Kiru ko can Riruwai, ga wahalar sabis, kafin labari ya iso shi an cike sunaye. Falke in ya rufe ƙofa, dukiyarsa ya rufe wa. Amma abin gwamnati na kowa ne, babu mai hurumin mayar da shi sai-da-gayyata.

Saboda haka in an turo maka lamba gobe, kafin ka danna yi wa mai turowar tambaya uku. Me za a ba ka in na shiga? In kuɗina suka maƙale, za ka biya ni? Wane ne madugun, a ina ofishinsa yake, wace hukuma ce ta san da shi? In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka. Kai ma kafin ka tura wa ƙanwarka ko abokin zamanka, tambayi kanka ko za ka iya tsaya musu yadda maigidan Sabo ke tsaya wa falkensa. In ba za ka iya ba, to bar su.

Masu iyaye ko kakanni da suka yi fataucin Gwanja ko Kurmi, musamman 'yan Bebeji da Madobi, a ba mu abin da aka ji daga bakinsu. Allah Ya tsare mana mutuncinmu da ɗan abin hannunmu.