Kujera Mai Lamba 14: Daga Gidan Gahawa Zuwa Shagon Kayan Tarihi

Wanda ya san kujerun da, idan ya shiga shagon tsofaffin kaya a Viyana ko Faris, ba ya fara da zama a kansu. Kife kujerar yake yi, ƙafafu sama, ya kai ido cikin zoben da ya riƙe mazaunin. A nan ne wani lokaci ake samun ɗan tambarin takarda da shekaru suka rina, ko suna guda da aka buga a jikin katakon: Thonet. Kujerar da masu tara kayan tarihi ke nema a yau, wadda ake ajiyewa a manyan gidajen adana kayan fasaha, asalinta ba ta fada ba ce. An ƙirƙiro ta ne don ta zama mai arha, ta mai gidan gahawa da ƙaramin ma'aikaci.

An haifi Michael Thonet a 1796 a garin Boppard da ke bakin kogin Rhine a ƙasar Jamus, kuma ya buɗe shagon kafintancinsa a 1819. A zamanin nan, duk kafintan da ke son lanƙwasasshiyar ƙafar kujera sai ya samo gungume ya yi ta sassaƙa, kamar yadda masassaƙi ke fitar da turmi. Rabin itacen ya tafi a ɓarɓashi, ga cin lokaci, sannan duk inda aka yanke jijiyar itacen a karkace nan ne zai karye wata rana. Thonet ya ƙi yarda cewa haka abin zai tabbata. Cikin shekarun 1830 ya fara yanka katako falle-falle, yana dafa shi a cikin gam, ya jera, ya matse a mazubi har ya bushe a lanƙwashe. Gam ɗin da yake amfani da shi ya yi yawan da a 1837 sai da ya sayi masana'antar gam tasa ta kansa.

Fasaha ta samu, kuɗi ba su samu ba. Neman takardar mallakar fasaha a ƙasashe daban-daban ya jefa shi cikin bashi. Rabonsa ya rantse ne a baje kolin Koblenz na 1841, inda Yarima Metternich, babban waziri a daular Ostiriya, wanda shi ma haifaffen Koblenz ne, ya ga kujerunsa ya gayyace shi Viyana. A 1842 Thonet ya tattara iyalinsa ya koma can. Ya yi shekaru yana aiki a fadar Liechtenstein a ƙarƙashin wani, kafin ya sake tsayawa da ƙafarsa a 1849. Gidan gahawa na Daum ya sayi kujerunsa, baje kolin Landan na 1851 ya ba shi lambar yabo, sannan a 1853 ya miƙa kamfanin ga 'ya'yansa maza biyar da sunan Gebrüder Thonet, wato 'yan'uwa Thonet.

Akwai dai sauran rina a kaba. Gam ba ya jure laima da zafi, kuma kujerun da aka aika ƙasashe masu zafi sun riƙa ɓarewa falle-falle. Wannan cikas shi ya haifar da abin da ya sa ake tuna mutumin. Ya watsar da manne-manne, ya koma lanƙwasa sandar itace guda. Ana sa sandar a tururi na sa'o'i har ta yi laushi. Matsalar ita ce, idan ka lanƙwasa itace, bayansa miƙewa yake yi ya tsage, cikinsa kuma ya takure. Sai Thonet ya ɗaura siririn ƙarfe a bayan sandar, ya matse shi a bakin nan da bakin can, yadda bayan ba shi da halin miƙewa. Ma'aikata su murɗa sandar da ƙarfen tare cikin mazubin ƙarfe tun da zafinta, a bar ta ta bushe. Abin da Bahaushe ya faɗa game da icce da ɗanyensa, shi Thonet ya mayar da shi sana'a, sai dai shi da tururi yake dawo wa busasshen icce da ɗanyantakarsa. Ya sami takardar mallakar wannan dabara a 1856, ya kafa masana'anta a Koritschan cikin yankin Morabiya, kusa da dazuzzukan da itacen da yake bukata ya wadata kuma lebura ke da arha.

Daga nan ne kujera mai lamba 14 ta fito a 1859. Gutsuren itace 6 ne, sukuru 10, noti 2. Sanda guda ce ta tashi daga ƙasa a matsayin ƙafar baya, ta lanƙwasa ta zama majingina, ta sauko ta zama ɗayar ƙafar. Mazaunin saƙa ce ta ɓawon ratan, wani tsiro mai kama da gora, don haka kujerar ba nauyi, kuma gahawar da ta zube ba ta kwanciya a kai. Gulden 3, kuɗin Ostiriya na lokacin, aka riƙa sayar da ita. A zamanin, ba a haɗa ta a masana'anta: kujera 36 a warwatse ke shiga akwati mai faɗin mita ɗaya ta kowane gefe, a loda a jirgi, sai ta isa inda za ta sannan a ɗaure. A ganina wannan akwatin ya kai kujerar kanta muhimmanci, domin shi ya kai ta inda kujerar sassaƙa ba za ta taɓa zuwa ba. Ta ci lambar zinare a baje kolin Faris na 1867, kuma zuwa 1930 an sayar da kimanin miliyan 50.

Thonet ya rasu a 1871. Shekara biyu kafin nan, a 1869, takardar mallakarsa ta faɗi, ƙofa ta buɗe ga kowa. Kamfanin Jacob da Josef Kohn ne ya fi fice cikin masu gasa da shi, wasu da dama kuma suka bi sahu. Wannan ne ya sa mai saye a yau yake bukatar ido: ba duk kujera mai lanƙwasasshen baya ce ta Thonet ba, kuma ta Kohn ba jabu ba ce, tsohuwa ce mai darajarta.

Darajar da ta samu a idon masana ta zo daga baya. A 1925 mai zanen gine-gine Le Corbusier ya saka kujerun Thonet a ɗakin da ya baje a Faris don nuna gidan zamani, a lokacin da masu kuɗi ke ganinsu kayan gidan cin abinci kawai. Sannu a hankali abin da aka raina saboda yawansa ya zama abin koyi saboda rashin ƙyale-ƙyalensa.

Tarihin siyasar Turai ma yana rubuce a ƙarƙashin mazaunin. A ƙa'idar kwastan ta Amurka, sai kaya ya cika shekara 100 ake lissafa shi cikin kayan tarihi, kuma 'yan kasuwa da yawa da wannan ma'aunin suke aiki. To, ƙasar Cekoslobakiya ba ta wanzu ba sai 1918. Duk kujerar da tambarinta ya ce a can aka yi ta, ba ta girmi wannan shekara ba, ko me dillali ya rantse da shi. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnati ta karɓe masana'antun Thonet da ke can, kuma ta Bystřice, wadda aka kafa a 1861, ta koma aiki da sunan TON daga 1953. Zuriyar Thonet suka ci gaba a Frankenberg ta Jamus, inda kujerar ke fita yanzu da lamba 214.

Ni dai idan na ga saƙar mazauni sabuwa a kan tsohon katako, ba ya rage mini sha'awa. Ratan yana tsufa ya tsinke, a sake saƙawa, haka aka tsara shi tun farko. Girgiɗi ma ba abin tsoro ba ne, sau da yawa sukuru ne ya saki, a ɗaure shi kujerar ta tsaya cak. Abin da nake bi da yatsa shi ne gwiwar lanƙwasar, can saman majinginar, inda itacen ya fi shan wahala ranar da aka tanƙwara shi. Idan ya tsage a nan, gyaransa da wuya. Sai ƙananan ramukan ƙwaro a ƙasan ƙafafu: a bubbuga kujerar a kan farar takarda, in gari ya zubo, ƙwaron yana ciki har yanzu, kuma zai bi sauran katakon da ke falon.