Yadda matan Shetland suka shawo kan bakin saƙa

Duk mai saƙa da kibiya ta san inda aiki ke tona mata asiri. Tsakiya na iya fitowa sumul, amma idon ƙarshe na kowane layi ba shi da maƙwabci sai ta gefe guda, don haka rarar zare a wurinsa take taruwa, baki ya fito sako-sako. Maganin da aka saba koya wa 'yan koyo shi ne a zare idon farko zuwa ɗaya kibiyar ba tare da an saƙa shi ba, sannan a ɗan ja zare a ido na biyu. Matan tsibiran Shetland, can arewacin Sikotilan, sun bi wata hanya dabam tun ƙarni na 19: sun tsara aikin ta yadda bakin ma ba zai sami damar ba su kunya ba.

A wancan zamani, saƙa a wurinsu abin ci da gida ce. Maza na teku wajen kamun kifi, gona da dabbobi na hannun mata. Mace kan goyo kwandon makamashi daga fadama tana tafe tana saƙa, ta soke kibiya ɗaya a ɗamarar fata da aka cusa wa gashin doki, hannu ya huta, aiki ya yi sauri.

Rigar sanyi zagaye suke saƙa ta, daga ƙugu har kafaɗa, ba a juya aiki balle a sami idon ƙarshe. Inda hannun riga zai shiga sai su ƙara wasu idanu, in an gama a sa almakashi a tsaga. Ulun tumakinsu yana kama juna, shi ya sa ba ya warwarewa.

Gwanintar ta fi fitowa a mayafi mai ido-ido, wanda tsibirin Unst ya yi suna a kai. Da hannu ake tuge ulun, an fi son na wuyan tunkiya saboda laushinsa, a kaɗa shi siriri ƙwarai. Mai saƙar gargajiya ba ta farawa daga tsakiya. Bakin take fara yi, doguwar tsiriya mai haƙora-haƙora da idanu kaɗan a kan kibiya. Daga miƙaƙƙen gefen tsiriyar take tsince sababbin idanu ta nufi ciki, ta saƙa faffaɗan ado na ɓangarori huɗu, sannan tsakiya. Inda sassa za su haɗu, da allura take bin idanun ɗaya bayan ɗaya tana kwaikwayon saƙar kanta, har mahaɗar ta ɓace. Ta haka mayafin ba shi da taurin mafari ko na rufewa, ko ta ina aka ja shi zai miƙe. Daga nan a wanke, a turara da hayaƙin farar wuta don ya yi fari, a ɗaure kowane haƙori a jikin firam na katako ya bushe a miƙe. Mafi kyawunsu, duk faɗinsu, ana zare su ta cikin zoben aure.

Kasuwa ta buɗe bayan 1837, shekarar da Arthur Anderson, ɗan Shetland da ke cikin waɗanda suka kafa kamfanin jiragen ruwa na P&O, ya kai wa Sarauniya Biktoriya kyautar saƙar tsibiran. Wani ɗan kasuwar Okusfod, Edward Standen, ya shiga sayar da kayan a Ingila, kuma an baje su a babban baje kolin Landan na 1851.

Sai dai masu aikin ba su ga ribar ba, kuma nan ne labarin ya yi muni. A lokacin, 'yan kasuwar Lerwick, babban garin tsibiran, ba sa biyan su kuɗi. Shayi, yadi da tarkacen kanti ake ba su. Mai neman kuɗin hannu sai ta sayar da abin da aka ba ta a kan asara. A 1872 gwamnati ta tura alƙali William Guthrie ya saurari shaidu, mata suka faɗi abin da ke ransu, aka kuma gyara doka a 1887. Duk da haka musayar ba ta mutu ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da aka jibge dubban sojoji a tsibiran suka riƙa sayen saƙa kai tsaye daga hannun matan, kuɗi hannu.