Shawara Ba Ɗaya Ba Ce: Tarihin Ciwon Hanta Nau'in E



A Gwandu ko Kalgo, idan idon mutum ya yi ɗorawa, fitsarinsa ya yi ja, magana ɗaya muke yi: shawara ce. Amma cututtuka da dama ne ke fakewa a bayan wannan suna. Yau za mu bi sawun guda ɗaya, ciwon hanta nau'in E.

A ƙarshen 1955 ambaliya ta sa ƙazantar bayan gida ta shiga ruwan shan birnin Delhi na Indiya. Mutum kusan 29,000 suka kamu da shawara, aka ɗauka nau'in A ne da aka saba da shi. A 1978 irin wannan annoba ta ɓarke a Kashmir, inda likita Mohammed Sultan Khuroo ya lura cewa wata cuta ce daban, kuma ta fi tsananta wa masu juna biyu.

Wanda ya fara ganin ƙwayar da idonsa masani ne na Tarayyar Sobiyet, Mikhail Balayan. Ya tace bayan gidan sojojinsu da suka kamu a Afganistan, ya haɗiye. Bayan kimanin mako biyar ya kwanta ciwo, ya gano ƙwayar a cikin nasa bayan gidan, ya wallafa sakamakon a 1983.

Har lokacin ana ganin cutar mutane ce da gurɓataccen ruwa kawai. Sai a 1997 aka samu 'yar uwarta a jikin aladu a Amurka. A 2003 wasu mutane a Japan suka kamu bayan sun ci ɗanyen naman barewa, aka gwada ragowar naman, aka tarar da ƙwayar iri ɗaya.

Wani zai ce mu da ba ma cin alade ina ruwanmu? To a 2014 an gano wani jinsin ƙwayar a raƙuman Dubai. A 2016 aka ba da rahoton wani mutum a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wanda aka yi wa dashen hanta, ya kamu da wannan jinsi, kuma ya saba cin naman raƙumi da shan nononsa. A 2018 kuma aka samu mutumin da ya kamu da na ɓera a Hong Kong. Raƙumi da ɓera kuwa ba baƙinmu ba ne.

Sai dai a nan ne ya kamata mu yi hattara da alƙalami. Annobar da ta taɓa mu kusa ba daga dabba ta fito ba. A Afrilun 2017 Nijar ta sanar da ɓullar cutar a Diffa, cikin jama'ar da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu, kuma akasarin waɗanda suka rasu masu ciki ne. A Yunin shekarar ta bayyana a Ngala ta jihar Borno. Ƙarancin ruwa mai tsafta da na makewayi ne suka ba ta hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan cutar ta kama mace a watanni ukun ƙarshe na ciki, ɗaya cikin huɗu ko biyar na iya rasuwa.

Mu da muka ga ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi, mun san yadda ruwa ke haɗa masai da rijiya. Abin da ya faru a Delhi ke nan.

Saboda haka in za mu yi rubutu a kan wannan cuta, mu bambance abu biyu. Cewa dabbobi na iya sa wa mutum ita, an tabbatar. Amma mu ce raƙumin wane ko garken wane ne ya kawo ta garinmu ba tare da gwaji ba, wannan ƙazafi ne, kuma zai iya kashe wa makiyayi da mahauci kasuwa, alhali rijiyar da ta gurɓace tana nan ana sha.

Mu gaya wa masu karatunmu abin da zai amfane su: a tafasa ruwa da nono, a dafa nama da hanta su nuna sosai, a nisanta masai da rijiya. Mai ciki kuwa, da zarar idonta ya sauya, a kai ta asibiti ranar, kada a tsaya jiƙa saiwa.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani.