Gangamin Ceto Bagega

Gangamin Ceto Bagega yunƙuri ne na neman a tsabtace garin Bagega, a ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara, daga gubar dalma. Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi ne suka jagorance shi a 2012, ƙarƙashin shirinsu na Follow The Money.

Annobar gubar ta bayyana a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake daka duwatsun zinari da niƙa su a cikin gidaje. Ƙurar dalma ta shiga jinin yara, aƙalla 400 suka rasu. An tsabtace Dareta, Yargalma, Abare da wasu ƙauyuka, aka bar Bagega. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuwa ba su iya fara magani a garin ba, domin yaron da ya sha magani ya koma gurɓataccen gida, cutar dawowa take yi.

Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850 don magance matsalar a Mayun 2012, amma kuɗin suka maƙale. Masu gangamin suka matsa lamba a Twitter da Facebook da taken #SaveBagega, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ma ta sa baki. A Janairun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin, aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa, MSF ta soma yi wa yaran magani a shekarar.