Daga Kafireta Zuwa Kwamfuta: Tarihin Maƙogwaron Mota A Gaya

Wata Asabar da la'asar ina zaune a ƙofar gida ina duba takardun jarrabawa, sai ga wani tsohon ɗalibina ya yi sallama, hannunsa duk baƙin mai. Shekara tara ke nan da barinsa aji ya koma gareji. Bayan mun gaisa, sai ya ciro wani ƙarfe daga leda, kamar guntun bututu, da wani faifai mai juyawa a tsakiyarsa.

Ya ce, "Malam, wannan shi ne na asalin motar. Direban ne ya kawo wani da ya fi shi faɗi, ya ce in sa masa, wai a waya ya gani mota za ta ƙara ƙarfi. Na sa. Ga shi yanzu in an tsaya sai inji ya yi ta hawa da sauka, fitila kuma ta kama a gaban direba. Na aro na'urar gwaji, ga hoton abin da ta rubuta. Ku karanta mini."

Layi biyu ne da Faransanci. Na karanta masa, amma kunya ta hana ni haɗa ido da shi, domin ni ne na taɓa ce wa mahaifinsa yaron nan ba shi da kan karatu, gara a kai shi gareji. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ina so iyaye da 'yan'uwana malamai mu bi tarihin wannan ɗan ƙarfe, mu ga irin garejin da muke tura 'ya'yanmu a yau.

Inji numfashi yake yi. Kafin kilo ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus, sai ya haɗu da iska kimanin kilo 14.7. Wato lita ɗaya ta fetur tana cin iska kusan lita 9,000, cikin duro 45 ke nan. Ƙofar da iskar ke bi ta shiga ita ce wannan ƙarfe, wanda ni nake kira maƙogwaron inji. Idan direba ya taka totur, faifan nan yake buɗewa. Kanikawanmu da suka ɗauki sunayen kaya daga Faransanci suna ce masa papiyon, wato malam-buɗe-littafi, saboda faifan ya yi kama da fukafukansa.

Gaya ta san mota ne ta hanyar kogi da gada. Jirgin ƙasan da ya taso daga Kwatano bai wuce Paraku ba, don haka duk kayan da za su shigo Nijar ta wannan hanya a can ake sauke su a ɗora wa manyan motoci. Da aka gina gadar da ta haɗa mu da Malanbil a 1958, sai garinmu ya zama ƙofa. Inda mota ke tsayawa jiran takardun duwan kuwa, nan bakanike ke kafa rumfa.

Mu da muka tashi a shekarun 1980, Peugeot muka buɗe ido muka gani. Ga 404 mai ɗaukar kaya da mutane ranar kasuwa, ga 504 wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968. Daga 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motocinsa a Kaduna, kayan gyara kuma suka riƙa shigo mana ta Kamba. Waɗanda muka sani a nan kafireta gare su. A cikinta faifan totur yake, kuma iskar da ke wucewa ita ke zuƙo fetur da kanta ta wani ɗan rami. Babu waya, babu kwamfuta. Lokacin da nake makarantar horon malamai a Dosso, na sha ganin direba ya tsaya a daji, ya kwance kafireta, ya hura ta da baki, ya mayar, mu ci gaba da tafiya. Bakanike na wancan zamani da kunne yake aiki: ya sa sukudireba yana juyawa yana saurare har muryar inji ta daidaita. Ilimi ne na gaske, ba kuma ya buƙatar biro.

Sauyin ba daga nan ya taso ba. Tun 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fitar da tsarin da lantarki ke auna fetur ya fesa shi, wanda muke kira injekta. Abin da ya binne kafireta shi ne dokar hayaƙi ta Turai da ta fara aiki a 1992, wadda ta sa sababbin motocin fetur ɗaukar matatar hayaƙi a cikin salansa. Matatar ba ta aiki sai an auna iska da fetur daidai wa daida, abin da kunne ba zai iya ba. Daga nan aka raba aikin kafireta gida uku: maƙogwaro ya riƙe iska, injekta ta riƙe fetur, kwamfuta ta zama alƙali a tsakaninsu.

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, sai tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a tashar Kwatano, a koro su fiye da kilomita 700 har gadarmu, wasu su tsaya a Nijar, wasu su zarce Nijeriya. Da tafiya ta yi tafiya, masu injekta suka fara yawa a cikinsu, suka tarar da abubuwa uku da ba a ƙera su dominsu ba: ƙurar hunturu, man kwalba na bakin hanya, da fetur mai dalma, wanda Afirka kudu da Sahara ba ta gama rabuwa da shi ba sai farkon 2006. Dalma tana kashe matatar hayaƙi da na'urar da ke shinshina hayaƙin, kamar yadda take cutar da ƙwaƙwalwar yara.

To, me kanikawanmu suka yi? Na gani da idona: mota ta zo da injekta, ta fara gardama, a ciccire wayoyin a ɗora mata tsohuwar kafireta. A lokacin wannan shi ake kira ƙara wa mota inganci. Ba na zarginsu. Sun mayar da mota inda iliminsu ya kai, ta kuma ci gaba da ciyar da iyali, ko da shan mai ya ƙaru.

Wannan ƙofar ma ta rufe. A ƙarshen shekarun 1980 BMW ta fitar da motar da babu igiya tsakanin totur da maƙogwaro, kuma a shekarun 2000 tsarin ya bazu har ƙananan motoci. Ƙafar direba saƙo kawai take aikawa, kwamfuta ce ke umartar wani ɗan injin lantarki ya buɗe faifan. Daga 1996 a Amurka, daga 2001 a Turai, doka ta sa motocin fetur su zo da wata kafa da ake jona na'urar gwaji, mota ta faɗi ciwonta a rubuce. Waɗannan su ne motocin da ke tasharmu yau.

Mu koma ga direban da yake son babban maƙogwaro. Maganarsa ba ƙarya ce zalla ba. Idan aka tashi daga faɗin milimita 50 aka koma 60, girman ƙofar ya ƙaru da kashi 44 cikin ɗari, lissafin da'ira ne da muke koyarwa a aji. Sai dai inji ba ya shan iskar da ta wuce cikinsa. Babbar ƙofa tana amfani ne ga injin da aka riga aka faɗaɗa masa sauran hanyoyin iska da salansa, aka sake saita kwamfutarsa, ana kuma taka shi har ƙasa, irin na masu tsere. Motar haya mai ƙaramin inji, da ke ratsa cunkoson kasuwa da lodi, ba za ta ga wani ƙarin kirki ba. Abin da za ta samu shi ne fizga da an taɓa totur, da ruɗewar kwamfuta idan na'urar da ke jikin sabon ba ta dace da ita ba. Garin neman gira a rasa ido. Ga fetur ya yi tsada tun da Nijeriya ta cire tallafi a Mayun 2023, ga rufe gada bayan Yulin shekarar ya sa kayan gyara sun ƙara kuɗi.

Da muka leƙa cikin tsohon maƙogwaron, baƙin datti ne ya yi masa kanta a bakin faifan. Washegari yaron ya wanke shi, ya sauya matatar iska da ƙura ta toshe, ya mayar, wani mai na'ura ya sake daidaita shi da kwamfutar. Ƙarfin da direban ke nema ya dawo. Kuɗin babban maƙogwaro kuwa sun tafi.

Iyaye, lokacin da muke cewa wanda karatu ya ƙi a kai shi gareji, garejin kafireta muke nufi, kuma ya wuce. Yaron da bai iya karanta layi biyu ba, bai san milimita ba, zai ƙare yana wanke ƙarfe yana kiran wani ya karanta masa, kuɗin aikin kuma su tafi wurin mai karantawa. Ku bar shi ya gama firamare ko da da ƙyar ne, in hali ya yi ya je gareji da yamma da lokacin hutu. Mu kuma malamai mu yi hattara da hukuncin da muke yankewa a gaban uba, domin ya fi bulala daɗewa a jikin yaro. Da na kawo irin wannan ƙarfe aji ranar da nake koyar da da'ira, wataƙila da ɗalibina bai yi barci a bencin baya ba.

Yanzu yana zuwa wurina Asabar da Lahadi bayan magariba, muna bitar baƙaƙe da lissafi. Littafin karatunmu shi ne hotunan abin da na'urar gwaji ke rubutawa. Allah ya yafe mana kurakuranmu, ya yi wa sana'ar 'ya'yanmu albarka.