Komawar gurɓatacciyar iska cikin gidajen bene: illoli da hanyoyin kariya

A gidan bene mai sassa da yawa, kowane sashe yana fitar da iskar kicin da ta banɗaki ta fanka ko bututu, yana kuma samun sabuwa ta taga ko wata mashiga. Idan mafitar ta yi kusa da mashigar, iskar da aka kora takan juyo cikin ɗaki, ko ta faɗa sashen maƙwabta.

Me ke kawo hakan?

- Bututun hayaƙi ko fankar banɗaki da ke fuskantar tagar wani.
- Matsattsen lungu tsakanin gine-gine, inda iska mai ɗumi ke hawa zuwa tagogin sama.
- Fanka mai ƙarfi a rufaffen banɗaki, wadda ke zuƙo iska har daga magudanar ruwa.
- Janareto a baranda ko ƙarƙashin matakala.

Illa ga lafiya

Hayaƙin girki yana tayar da asma da tari, musamman ga yara da tsofaffi. Ƙwayoyin cuta ma suna bin wannan hanya. A shekarar 2003, cutar SARS ta kama mutum 329 a rukunin gidajen Amoy Gardens da ke Hong Kong, 42 suka rasu. Bincike ya nuna ruwan da ke tsayawa a lanƙwasar bututun magudana ya bushe, fankoki suka jawo tururin masai mai ɗauke da cutar, suka hura shi lungu, ya hau zuwa wasu sassan.

Hayaƙin janareto da na gawayi kuwa suna ɗauke da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi ko wari, tana hana jini ɗaukar oksijin, tana kuma iya kashe mutum yana barci.

Hanyoyin kariya

- A bar aƙalla mita 3 tsakanin mafitar iska da kowace taga ko mashiga. Ya fi kyau bututun ya zarce rufin bene.
- A ajiye janareto a fili, mita 6 daga ƙofa da taga, salansarsa na kallon nesa da gida.
- A riƙa zuba ruwa a magudanar banɗakin da ba a cika amfani da shi ba, sau ɗaya a mako.
- A sa wa bututun fanka marfin da ke rufe kansa idan an kashe ta.
- Idan warin girki ko masan wani sashe yana shigo muku, ku sanar da mai gida a duba bututun.

Yaushe za a je asibiti?

Idan mutane da yawa a gida ɗaya suka kamu da ciwon kai, jiri ko tashin zuciya a lokaci guda ba tare da zazzaɓi ba, kuma suna samun sauƙi idan sun fita, kada a ɗauka maleriya ce. A fitar da kowa waje nan take, a kashe janareto, a garzaya asibiti. Wanda ya suma ko ya ruɗe, da mai juna biyu, su za a fara kaiwa.